Tsufa da Mutuwa a Rayuwar Gajerun Itatuwan Yankin Aktik

Gabatarwa

A farkon shekarar 2025 wasu masana ilimin tsirrai, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Marco Carrer na Jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan wani busasshen itace da suka samo a gundumar Utsjoki, can ƙarshen arewacin ƙasar Finlan. Itacen yana daga jinsin da masana ke kira Juniperus communis, kuma ba wani abin kallo ba ne, domin a wannan yanki irinsa yakan kwanta ne a ƙasa ya karkace, kamar sabarar da iska ta danne. Amma da aka ƙirga zobban da ke cikin jikinsa, sai aka tarar zoben farko na shekarar 260 ne ta Miladiyya, na ƙarshe kuwa na shekarar 1906. Ke nan ya rayu shekara 1,647. Ya tsiro fiye da shekara 300 kafin haihuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, bai kuma mutu ba sai shekara uku bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato.

Duk ɗalibin da ya ji wannan labari zai yi tambaya biyu. Ta farko, ta yaya ɗan ƙaramin itace zai daɗe haka a wurin da ya fi kusan ko'ina wuyar zama a duniya? Ta biyu, da ya zo mutuwa, tsufa ne ya kashe shi ko kuwa wani abu daban? Wannan darasi zai yi ƙoƙarin amsa su. Abin da za mu gani shi ne cewa a wurin irin waɗannan itatuwa, yawan shekaru da tsufa ba abu ɗaya ba ne, kuma yawancin abin da ke kashe su daga waje yake zuwa. Wannan magana tana da muhimmanci a yau, saboda muhallin da suke zaune a ciki yana canzawa da sauri.

Ƙasar da suke zaune

Yankin Aktik shi ne ɓangaren duniya da ke kewaye da ƙurewar arewa. A taswira ana shata iyakarsa da wani layi da ke digiri 66 da rabi arewa da ikwaita, wanda ya ratsa ta Rasha da Finlan da Suwidin da Norwe da tsibirin Girinlan da Kanada da jihar Alaska ta Amurka. Masana tsirrai kuwa sun fi kula da wata iyakar, wato inda dogayen itatuwa ke ƙarewa. Wannan iyaka ta yi kusan daidai da inda matsakaicin zafin watan da ya fi ɗumi a shekara ba ya wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Filin da ke bayan wannan iyaka, wanda babu dogon itace a cikinsa, shi ake kira tundura.

Abubuwa da dama ne suka taru suka tsananta rayuwar tsiro a tundura. Lokacin girma gajere ne ƙwarai, wata biyu zuwa uku a shekara, a wasu wurare ma bai kai haka ba. A Utsjoki, alal misali, rana takan yi fiye da wata biyu ba ta faɗi ba a lokacin bazara, sannan ta yi kusan wata biyu ba ta fito ba a tsakiyar hunturu. Haka kuma a mafi yawan yankin ƙasa a daskare take shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa da bazara, don haka saiwa ba ta iya nutsawa da nisa. Bugu da ƙari, sanyi yana hana ganye da sauran matattun abubuwa ruɓewa da wuri, saboda haka sinadaran da tsiro ke bukata, musamman naitirojin, sun yi ƙaranci a cikin ƙasa. Sai kuma iska mai ƙarfi, wadda ke ɗauko ɓarɓashin ƙanƙara tana goge duk reshen da ya ɗago kansa.

Wannan na ƙarshe shi ya sa itatuwan suka zama gajeru. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe su kamar bargo, kuma sanyin da ke ƙarƙashinta bai kai na iskar da ke sama tsanani ba. Reshen da ya leƙo sama da dusar yakan bushe ya mutu, domin iska tana zuƙe masa ruwa alhali saiwar da za ta maido masa da shi tana cikin daskararriyar ƙasa. Don haka a wurare da yawa tsawon itace bai wuce zurfin dusar ƙanƙarar da ke sauka a wurin ba.

Kaɗan daga cikin itatuwan

Ban da wanda muka fara da shi, akwai wasu da ya kamata ɗalibi ya sani. Salix arctica itace ne da tsawonsa ba ya cika wuce santimita 15, yana rarrafe ne a ƙasa, kuma ana samunsa har gaɓar arewacin Girinlan, inda tudu ya ƙare sai teku. An taɓa samun guda ɗaya a gabashin Girinlan mai shekara 236. Betula nana ɗan'uwan wani dogon itace ne na dazukan Turai, amma shi da ƙyar yake kai mita ɗaya. Dryas octopetala yana shimfiɗuwa kamar tabarma, yana da farin fure mai bin rana yana tara ɗumi a tsakiyarsa. Cassiope tetragona kuwa ƙananan ganyayensa a jere suke layi huɗu a jikin reshe, ba sa zuba da hunturu. Akwai kuma Empetrum nigrum, mai 'ya'ya baƙaƙe ƙanana waɗanda tsuntsaye da mutanen yankin ke ci.

Dukkansu itatuwa ne na sosai, wato suna da katako a jikinsu da ɓawo a bayansa, ko da yake kaurin wasunsu bai wuce na fensir ba.

Yadda ake gane shekarunsu

Tsakanin ɓawon itace da katakonsa akwai wani siririn fegi na rayayyun ƙwayoyin halitta da ake kira kambiyam. Shi ne ke ƙera sabon katako. A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, kambiyam yakan fara aiki da shigowar bazara ya yi manyan ƙwayoyi, da lokaci ya ja sai ya riƙa yin ƙanana masu kauri, sannan ya tsaya cak har wata shekara. Wannan ne ke barin zobe ɗaya a kowace shekara. Ilimin karanta waɗannan zobba wani Ba'amurke masanin taurari ne, A. E. Douglass, ya kafa shi, kuma a shekarar 1937 ya buɗe ɗakin binciken zobban itace a Jami'ar Arizona.

A gajerun itatuwan Aktik wannan aiki yana da wuya. Faɗin zobe ɗaya yakan zama kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, wani lokaci ma ƙasa da haka, don haka sai an yanka itacen siriri, an rina shi, an duba da madubin ƙara girman abu, wato maikuroskof. Matsala ta biyu ita ce ɓacewar zobe. A shekarar da bazara ta zo da sanyi, itacen na iya ƙin yin zobe sam, ko ya yi shi a gefe ɗaya kurum, ko a wani reshe ban da wani. Saboda haka masu bincike sukan yanka itace guda a wurare daban-daban daga saiwa zuwa kai, su gwada. Sannan sukan gwada jerin zobbansa da na wasu itatuwa na yankin. Tunda shekarar ɗumi tana ba kowa faffaɗan zobe, shekarar sanyi kuma siriri, jerin faɗi da sirantar yakan zama iri ɗaya a itatuwan wuri guda. Da wannan dabara ce ake gane inda zobe ya ɓace, kuma da ita aka gane shekarar da itacen Utsjoki ya mutu, ko da yake a mace aka same shi.

Cassiope tetragona yana da wata hanyar mai sauƙi. Ganyen da yake yi a farko da ƙarshen lokacin girma ƙanana ne, na tsakiya kuwa manya, kuma ganyen yana daɗewa a jikin reshe ko bayan ya bushe. Don haka ana iya bin reshe ana ƙirga shekaru daga hawa da saukar girman ganye.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya: duk adadin da aka samu ta waɗannan hanyoyi mafi ƙarancin shekarun itacen ne, domin sashen da ya fi tsufa yakan riga ya ruɓe ko ya goge.

Yawan shekaru daban, tsufa daban

A maganar yau da kullum, wanda ya daɗe a duniya shi ne tsoho. A ilimin halittu kuwa tsufa yana da ma'ana ta musamman, wato raguwar ƙarfin jiki da ke zuwa da shekaru, wadda ke sa hatsarin mutuwa ya riƙa ƙaruwa, haihuwa kuma ta riƙa raguwa. Abin da ake nufi da hatsarin mutuwa shi ne: cikin waɗanda suka shiga shekara da rai, kashi nawa ne ba za su ga ƙarshenta ba?

A shekarar 1825 wani masanin lissafi na Ingila, Benjamin Gompertz, ya nuna cewa a wurin manyan mutane wannan hatsari yana ninkuwa ne a kai a kai. Ƙididdigar zamaninmu ta nuna cewa bayan shekara 30 da haihuwa yakan ninka sau biyu a kusan kowace shekara 8. Wannan shi ne tsufa a idon mai lissafi. A shekarar 1966 kuma wani masanin halittu na Ingila, W. D. Hamilton, ya kawo hujjar lissafi cewa tsufa ba makawa ne ga kowace halitta. Tushen hujjarsa shi ne, aibin gado da ba ya bayyana sai a ƙarshen rayuwa yana wucewa ga 'ya'ya ba tare da wani cikas ba, tunda kafin ya bayyana an riga an haihu. Ta haka irin waɗannan aibobi ke taruwa a cikin jinsi.

An daɗe ana ɗaukar wannan magana a matsayin doka, har bayanai suka fara taruwa daga halittun da ba su yi kama da mu ba. A shekarar 2014 Owen Jones da abokan aikinsa suka gwada jinsi 46 na dabbobi da tsirrai, suka tarar a wasu hatsarin mutuwa yana hawa da shekaru kamar namu, a wasu yana nan daidai, a wasu kuwa raguwa ma yake yi. Tsirrai da yawa sun faɗa cikin kashi biyun ƙarshe. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Halittar da ke ci gaba da girma muddin ranta, kamar itace, gwargwadon shekarunta gwargwadon yawan saiwarta da ajiyar abincinta da irin da take zubarwa. A wurinta ƙarshen rayuwa shi ne lokacin da ta fi haihuwa, don haka hujjar Hamilton ba ta kama ta da ƙarfi ba.

Abin da ke ba su tsawon rai

Dalili na farko yana cikin tsarin jikin tsiro. Ɗan'adam zuciya ɗaya gare shi da ƙwaƙwalwa ɗaya, in ɗayansu ta tsaya shi ke nan. A shekarar 1961 Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka nuna cewa ƙwayoyin jikin mutum da aka rena a ɗakin gwaji sukan rabu sau 40 zuwa 60 ne su tsaya. Tsiro kuwa yana da ido a kan kowane reshe da kowace saiwa da gindin kowane ganye, irin idon da manomi ke dubawa a jikin rake ko karan rogo kafin ya dasa. A cikin kowane ido akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama wani abu ba, masu iya fitar da sabon reshe da ganye da fure. Saboda haka jikin itace taron gaɓoɓi ne masu kama da juna, in wasu sun mutu wasu su maye gurbinsu. Itacen Utsjoki ya yi shekara 1,647, amma ba ganye ɗaya a jikinsa da ya yi fiye da 'yan shekaru. Tsohon katakon da ke tsakiyarsa kuwa dama matacce ne, aikinsa tallafi kurum.

Dalili na biyu shi ne rabuwar jiki gida-gida. A irin su Juniperus, kowane sashe na saiwa yana shayar da wani sashe ne na rassa ta hanyar bututunsa. In cuta ko sanyi ya kashe gefe ɗaya, ɗayan yakan ci gaba da rayuwa. Shi ya sa tsofaffinsu sukan zama busasshen gungume mai ɗauke da siririn zirin ɓawo mai rai, wanda ya haɗa saiwa guda da reshe guda.

Dalili na uku shi ne yaɗo. Reshen da ya kwanta a ƙasa yakan yi saiwa a inda ya taɓa danshi, kamar yadda yaɗon dankali ke yi. Bayan shekaru sai tsohon gindin ya ruɓe, rassan su zauna da kansu, amma dukkansu ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne tunda daga iri guda suka fito. A nan dole mu bambanta shekarun reshe da shekarun asalin tsiron. Misalin da ya fi shahara shi ne wani itace na jinsin Picea abies da ke kan dutsen Fulufjället a Suwidin, kudu da iyakar Aktik. A shekarar 2008 Farfesa Leif Kullman na Jami'ar Umeå ya bayyana cewa ragowar katakon da aka samu a ƙarƙashinsa ta kai shekara 9,550, alhali gangar jikin da ke tsaye ba ta wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba. A fahimtarsa, tsiron ya shafe dubban shekaru yana kwance kamar gajeren itace, yana sauya rassa. Abin da ya sa itacen Utsjoki ya zama abin mamaki shi ne shekarunsa a jiki guda aka ƙirga su, ba ta hanyar yaɗo ba.

Dalili na huɗu shi ne jinkirin girma. Tun a shekarar 1954 Edmund Schulman na Jami'ar Arizona ya lura cewa itatuwan da suka fi daɗewa a wuraren wahala ake samunsu, inda ruwa ko ɗumi ya yi ƙaranci. Itacen da ke girma a hankali katakonsa yakan yi tauri, kuma ƙaramin jiki ba ya bukatar abinci mai yawa, ba ya kuma tsayi balle iska ta kayar da shi. A tundura sanyin da ke hana itace girma shi ne kuma ke rage ƙarfin funfuna da sauran ƙwayoyin da ke ruɓar da katako. Haka nan tsirrai a warwatse suke, babu dogon maƙwabci da zai tare wa wani rana.

Shin ba sa tsufa ko kaɗan?

Bai kamata mu wuce gona da iri ba. Akwai shaidu ta fuska biyu, kuma yawancinsu daga manyan itatuwa aka samo su, domin sun fi sauƙin gwaji.

A shekarar 2005 Maurizio Mencuccini da abokan aikinsa a Sikotlan suka yanko rassa daga tsofaffin itatuwa da matasa, suka aurar da su a kan ƙananan dashe, kamar yadda ake auren mangwaro. Rassan tsofaffin suka yi girma da ƙarfi kamar na matasan. Wannan ya nuna cewa raguwar girman da ake gani a tsohon itace daga girman jikinsa take, wato wahalar kai ruwa nesa, ƙwayoyin idonsa kuwa ba su gaji ba. A shekarar 2017 aka binciki wani itacen Quercus robur mai shekara 234 a harabar Jami'ar Lausanne ta Suwizalan, aka gwada ƙwayoyin gadon reshen ƙasa da na reshen sama, aka tarar kurakuran da suka taru a tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai, ƙasa da yadda aka zata.

A ɗaya ɓangaren kuma, binciken da aka buga a shekarar 2010 a kan Populus tremuloides, wani itace mai yaɗuwa ta saiwa a yammacin Kanada, ya nuna cewa gwargwadon daɗewar asalin tsiron gwargwadon raguwar ingancin ƙurar furensa. Ke nan kurakuran gado suna taruwa, sai dai a hankali ƙwarai. Abin da za a iya cewa shi ne, in ma akwai tsufa a irin waɗannan tsirrai, tafiyarsa tana da jinkirin da yawancinsu wani abu daban ke riga shi kashe su.

To, me ke kashe su?

Mafi yawan mutuwa a farkon rayuwa take faruwa. A shekarar sanyi iri ba ya nuna. In ya nuna ya faɗi ya tsiro, ɗan tsiron yana fuskantar bushewar saman ƙasa da bazara, da kuma kumburi da lotsawar da ƙasa ke yi in ta daskare ta narke, wanda ke tumɓuke ƙaramar saiwa. Kaɗan ne ƙwarai ke tsallake shekarun farko, kuma sau da yawa sai an sami shekarun ɗumi a jere kafin sababbin tsirrai su kafu. Wanda ya tsallake, ya yi saiwa da ajiya da idanu masu yawa, hatsarin mutuwarsa yakan faɗi ƙasa sosai ya zauna a nan.

Daga nan abin da ya rage shi ne masifun waje. Ƙasar gangare takan zame in ta narke, ta binne itace ko ta tsinke masa saiwa. Dabbobi suna ci: barewar yankin da ake kira rendiya, da zomo, da wani irin ɓera da ake kira lemin wanda ke yawaita a wasu shekaru. Akwai tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai suna Epirrita autumnata, wadda a tsakiyar shekarun 1960 ta cinye ganyen itatuwan Betula a faffaɗan yanki na Utsjoki, har wurare da yawa ba su farfaɗo ba. Ƙwan wannan ƙwaro yana mutuwa ne in sanyi ya kai kusan digiri 36 ƙasa da sifiri, don haka hunturu mai tsanani kariya ce ga itatuwan. Akwai gobara, kamar wadda ta tashi kusa da kogin Anaktuvuk a arewacin Alaska a shekarar 2007, ta cinye fiye da murabba'in kilomita 1,000 na tundura.

Abin mamaki, ɗumi a tsakiyar hunturu yana cikin mafi munin masifun. In iska mai ɗumi ta zo ta narkar da dusar ƙanƙara, itatuwan sukan rasa bargonsu, jikinsu kuma ya fara sakin shirin da ya yi na jure sanyi. Da sanyin ya dawo sai ya same su a tsirara. Haka ta faru a watan Disamba na 2007 a arewacin Suwidin da Norwe, inda da bazara ta zo aka tarar rassan Empetrum sun bushe a yankin da ya wuce murabba'in kilomita 1,400.

Wani ɗan lissafi

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira don mu ga abin da wannan ke nufi. A ce muna da itatuwa 1,000 da suka riga suka kafu, ba sa tsufa, amma kowace shekara masifun waje suna kashe kashi 1 cikin 100 na waɗanda suka rage. Bayan shekara 69 rabi za su rage. Bayan shekara 100 za a sami 366, bayan 300 za a sami 49, bayan 500 kuma kusan 7. Ba wanda ya tsufa, amma kusan duka sun mutu, kuma 'yan kaɗan da suka daɗe ɗin sa'a ce ta kai su.

Yanzu a ce masifun sun ƙaru, hatsarin ya zama kashi 2 cikin 100. Rabi za su tafi cikin shekara 34. Bayan shekara 100 saura 133, bayan 300 saura 2, kafin 500 kuwa da wuya a sami ko ɗaya. Ƙarin da ya yi kama da kaɗan a shekara guda ya isa ya kawar da tsofaffin itatuwa gaba ɗaya.

Wannan lissafi yana da alaƙa da abin da ke faruwa a zahiri. Binciken da masana na hukumar nazarin yanayi ta Finlan suka buga a 2022 ya nuna cewa tsakanin 1979 da 2021 yankin Aktik ya ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin ɗumamar duniya. Wasu itatuwan sun amfana. A shekarar 2001 Matthew Sturm da abokan aikinsa suka gwada hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a arewacin Alaska tsakanin 1948 da 1950 da sababbin da aka ɗauka a wurare guda bayan shekara 50, suka ga itatuwa masu ɗan tsayi da saurin girma sun ƙaru. Amma waɗannan su ne ke tare wa masu rarrafe hasken rana. Haka nan ɗumin hunturu da gobara da tsirar ƙwan ƙwari duk abubuwa ne da ɗumamar ke ƙarfafawa. Jinkirin girman da ya ba waɗannan itatuwa tsawon rai shi ne kuma ke hana su mayar da abin da aka rasa da wuri, domin tabarmar Dryas da aka kashe a rana ɗaya sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta koma yadda take.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa tsufa a ilimin halittu yana nufin ƙaruwar hatsarin mutuwa tare da shekaru, kuma ba kowace halitta ce ke bin wannan tafarki irin namu ba. Gajerun itatuwan Aktik suna daɗewa saboda suna da idanu masu sabunta jiki, jikinsu a rabe yake gida-gida, suna yaɗo, kuma suna girma a hankali a wurin da abokan gaba suka yi ƙaranci. Duk da haka kowannensu yana mutuwa, yawanci a hannun sanyi ko dabba ko wuta ko zamewar ƙasa. Saboda haka tsawon ransu ya dogara ne a kan zaman lafiyar muhallinsu, kuma zobban da ke jikinsu suna cikin hanyoyin da masana ke bi su san yadda yanayin wannan yanki ya kasance ɗaruruwan shekaru kafin a fara ajiye ma'aunin zafi a can.

Tambayoyi da aiki

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin yawan shekaru da tsufa, tare da misali daga mutum da kuma daga itace.

2. Me ya sa adadin zobban da aka ƙirga a gajeren itacen Aktik yake zama mafi ƙarancin shekarunsa?

3. Ta wace hanya dusar ƙanƙara ke kare itace, kuma me ke faruwa in ta narke a tsakiyar hunturu?

4. Fara da itatuwa 1,000. A rukuni na farko cire kashi 10 cikin 100 na waɗanda suka rage kowace shekara har shekara 5. A rukuni na biyu cire kashi 5 a shekarar farko, 10 a ta biyu, 20 a ta uku, 40 a ta huɗu, 80 a ta biyar. Zana sakamakon a takardar giraf. Wane rukuni ne ke nuna tsufa?

5. Ga malamai: a sa ɗalibai su kwantar da yaɗon dankali a ƙasa mai danshi, su rufe tsakiyarsa da ƙasa. Bayan ya yi saiwa a yanke shi daga uwar. A tattauna a aji: tsiro ɗaya ne yanzu ko biyu, kuma daga yaushe za a fara ƙirga shekarun sabon?